Shekarun Hoto da Mas'alar Wanzuwa

Hoton da aka wanke a takarda, da nagatif ɗin da aka fitar da shi daga ciki, dukkansu haɗin sinadarai ne, kuma tun ranar da suka bushe suke fara canzawa. Akwai hotunan da suka haura shekara 170 har yanzu ana ganin ƙwayar idon mai su tangaran, akwai kuma waɗanda ba su cika shekara 20 ba fuskokin cikinsu sun koma jan hazo. Abu huɗu ne ke yanke tsawon kwanan hoto: abin da aka yi surar da shi, abin da aka ɗora ta a kai, yadda aka wanke, da wurin da aka ajiye. Bayanin waɗannan aikin masana sinadarai ne da ma'aikatan gidajen adana tarihi. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai tambayar da ta fi kusa da malaman tauhidi da masu falsafa. Mutum yana ɗaukar hoto don ya tsayar da abin da ke wucewa, ga shi kuma abin da ya tsayar da shi ɗin ma mai wucewa ne. Shin wahalar adana hoto jayayya ce da ƙarewar da aka hukunta wa duk abin halitta, ko kuwa wani nau'i ne na riƙon amana?

Abin da hoto ya ƙunsa

Kusan kowane hoto hawa uku ne. Akwai tushe, wato takarda ko gilashi ko roba. Akwai danƙon da ke riƙe sura, wanda a zamani daban-daban aka yi shi da farin ƙwai, ko kolodiyon, ko jelatin da ake dafawa daga fata da ƙashin dabbobi. Sai surar kanta, wadda ko dai ƙananan ƙwayoyin azurfa ce, ko rini, ko garin launi. Kowane hawa da irin ciwonsa, kuma mafi rauni a cikinsu shi ke yanke wa sauran wa'adi.

Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara kuma ya rage har yau na wani Bafaranshe ne, Nicéphore Niépce, wanda ya ɗauki rufin gine-ginen gidansa ta taga wajen 1826 ko 1827. Ya shafa wani irin kwalta a farantin gaurayen kuza, haske ya ƙandarar da inda ya taɓa, shi kuma ya wanke sauran. Farantin yana jami'ar Texas a birnin Austin. A 1839 Louis Daguerre ya fito da hanyar ɗaukar sura a farantin tagulla mai rufin azurfa. Irin wannan yana jure haske, amma ɗan yatsa kaɗai ya isa ya share surar, shi ya sa ake rufe ta da gilashi a liƙe gefe.

Matsalar koɗewa ta fito fili ne da aka koma takarda. William Henry Fox Talbot na Ingila, wanda ya ƙago tsarin nagatif da ake fitar da kwafi da yawa daga gare shi, ya buga littafi mai ɗauke da hotuna na gaske tsakanin 1844 da 1846, kafin a je ko'ina hotunan suka fara dushewa daga gefe. A 1855 ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Landan ta naɗa kwamiti ya binciki dalili, kuma abin da ya gano har yau ana aiki da shi. Maganin da ke tsayar da sura, wanda masu sana'ar ke kira haipo, yana ɗauke da sinadarin farar wuta. Idan ba a ɗauraye shi sosai ba, sai ya zauna cikin takarda yana cin azurfar a hankali, musamman in ya samu laima. Kwamitin ya ba da shawarar a tsawaita ɗauraya, a kuma rufa azurfar da ruwan zinariya.

Wasu suka guje wa azurfa ɗungurungum. Alphonse Poitevin ya aza tubalin bugu da garin gawayi cikin jelatin a 1855, William Willis kuma ya yi rajistar bugu da ƙarfen filatinam a 1873. Haske ba ya cin gawayi, kuma a irin waɗannan hotuna takarda ce ke riga sura gajiya. Hoton baƙi da fari na azurfa da jelatin, wanda ya mamaye ƙarni na 20, shi ma yakan wuce shekara 100 idan an ɗauraye shi da kyau. Alamar tsufansa wani ƙyalli ne mai shuɗi-shuɗi da ke bayyana a wurare masu duhu kusa da gefe in an karkata shi ga haske. Azurfar ce gurɓatacciyar iska da laima suka taɓa, ta taso saman jelatin ta kwanta.

Nagatif da cututtukansa

Nagatif ne asali, domin shi ne ya karɓi hasken da ya fito daga jikin abin da aka ɗauka. Daga 1851 gilashi aka fi amfani da shi. Gilashi ba ya ruɓewa, fashewa ce ajalinsa. Farantan gilashin Solomon Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Benin, suna nan a gidan tarihin Smithsonian a Washington ana fitar da sura daga cikinsu.

A 1889 kamfanin Kodak ya fara sayar da fim na robar naitiret, aka ci gaba da yinsa har wajen 1951. Wannan roba 'yar uwar albarushi ce. Tana ruɓewa ta yi danƙo, daga baya ta koma gari, kuma in ta kama wuta ruwa ba ya kashe ta, domin tana samar wa kanta iskar da wuta ke ci. Wadda ta fara ruɓewa tana iya kamawa da kanta a zafin da bai wuce digiri 40 da ɗoriya ba, wato zafin rana na yau da kullum a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu. A 1929 fina-finan hoton ƙashi suka kama wuta a wani babban asibitin Cleveland a Amurka, hayaƙinsu ya kashe mutum 123. A 1937 rumbun kamfanin Fox a jihar New Jersey ya ƙone da akasarin tsofaffin fina-finansa. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan ƙasar marasa sauti sun ɓace kwata-kwata.

Robar asitet ce ta maye gurbinta, aka kira ta fim mai aminci saboda ba ta saurin kama wuta. Ita ma tana da nata ciwon. Laima na farfasa sinadarinta, sai ta riƙa fitar da tsami, tsamin kuma yana ƙara hanzarta farfasawar. Wanda ya buɗe gwangwanin irin wannan fim, warin ruwan khal ne zai fara dukan hancinsa. Robar ta tsuke, jelatin da ke kanta bai tsuke ba, sai ya tattare ya yi ƙwari da tudu a kan fuskokin mutane. Rahoton farko da Kodak ya samu kan wannan ciwo daga gwamnatin Indiya ya zo, ƙasar zafi da laima, cikin shekara goma da fitowar sabon nau'in fim ɗin a 1948. Robar foliyesta, wadda ta shigo a tsakiyar shekarun 1950, ita ce ta fi duka ƙarko. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa sun ƙiyasta wa fim ɗin azurfa a kan foliyesta shekara 500 in an wanke shi kuma an ajiye shi bisa sharaɗi.

Launi

Hoto mai kala ya fi baƙi da fari gajeren kwana, domin a cikinsa ana cire azurfar gaba ɗaya a bar rini kala uku: rawaya, da ja mai ratsin shunayya, da shuɗi mai ratsin kore. Ukun ba sa koɗewa tare. A cikin duhu shuɗin ne ya fi saurin tafiya a yawancin tsofaffin takardu, shi ya sa hotunan biki da na suna na shekarun 1970 da 1980 da ke cikin albam suka koma jaja-jaja ko da rana ba ta taɓa ganinsu ba. A bango kuwa, inda hasken taga ke dukan hoto kullum, jan da rawayan sukan riga tafiya, sai hoto ya yi fari-fari mai shuɗi. Fim ɗin Kodachrome, wanda aka yi daga 1935 zuwa 2009, ya shahara da riƙe launi a duhu, amma yana saurin dushewa a gaban fitilar majigi. Henry Wilhelm, wanda ya wallafa babban littafi kan wannan fanni a 1993, ya nuna cewa hotunan Kodacolor na tsakanin 1942 da 1953 kusan dukkansu sun rine sun zama ruwan lemo. Na'urorin bugu na yanzu iri biyu ne: masu tawadar rini, waɗanda kan dushe cikin 'yan shekaru in an rataye su a fili, da masu tawadar garin launi, waɗanda gwaji ke ba su shekara 100 ko fiye.

Waɗannan alƙaluma duk ƙiyasi ne. Fasahar hoto kanta shekarunta wajen 200 ne, don haka ba wanda ya taɓa ganin hoto ɗan shekara 500. Ana gasa samfur a zafi mai yawa ko haske mai ƙarfi, a auna saurin lalacewarsa, sannan a yi lissafin abin da zai faru a ɗaki na al'ada. A yaren malaman usulu, wannan zato ne mai rinjaye, bai kai yaƙini ba.

Zafi, laima da wurin ajiya

Zafi na hanzarta kowane aikin sinadari. Cibiyar binciken ƙarkon hotuna da ke Rochester a Amurka ta ƙiyasta cewa sabon fim ɗin asitet a digiri 21 da laima kashi 50 cikin 100 zai fara tsami bayan kimanin shekara 40, kuma duk ragin digiri 5 zuwa 6 yana ninka wa'adin. Lissafin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma: a ɗakin da ke zama wajen digiri 32, shekara 40 ɗin nan ta koma kusan 10.

Tarihi ya gaskata amfanin sanyi. Nils Strindberg ya ɗauki hotuna a tafiyar balan-balan ta Salomon Andrée zuwa ƙuryar arewacin duniya a 1897, duka matafiyan uku suka mutu, aka tsinci fim ɗin cikin ƙanƙara a 1930, aka wanke shi aka samu sura 93. A garin Dawson na Kanada an tono naɗin fim sama da 500 a 1978 daga tsohon wurin ninƙaya da aka cike da ƙasa mai daskarewa. Da wannan dalili aka kwashe tarin hotunan Bettmann, kimanin miliyan 11, daga New York a farkon shekarun 2000 aka kai su tsohon ramin haƙar dutse a jihar Pennsylvania, mita 60 da wani abu a ƙarƙashin ƙasa, inda injuna ke riƙe sanyi da bushewa.

Yanayin ƙasar Hausa yana dukan hoto ta fuska uku cikin shekara guda. Bazara na kawo zafi, musamman a ɗaki mai rufin kwano. Damina na kawo laima, jelatin ya kumbura ya manne da gilashin firem, fumfuna ta tsiro a kansa tunda abinci ne gare ta, gara da kyankyaso su ci takarda. Hunturu na busar da shi ya nannaɗe ya tsage, ƙura kuma ta karce nagatif. Wannan kumbura da tsukewa na kowace shekara ya fi zama a yanayi ɗaya illa. Ga kuma albam mai gam da ke rina bayan hoto, da lamineshan wanda in an yi shi ba a iya warwarewa.

Hoton waya da kwamfuta

Hoton dijital ba ya koɗewa, domin lambobi ne, kuma kwafinsa daidai yake da asalinsa. Rauninsa yana ga abin da ke ɗauke da lambobin da na'urar da ke karanta su. A 1986 BBC ta tattara hotuna da bayanan Birtaniya a faifan leza don cikar shekara 900 na kundin ƙidayar ƙasa na 1086. Cikin shekara 15 da 'yan kai na'urorin karanta faifan suka kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aikin ceto, alhali kundin fatar nan na 1086 yana nan ana karanta shi. A 2019 shafin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora a tsawon shekaru. Hoton takarda yana mutuwa sannu a hankali yana gargaɗi, na dijital kuwa yakan tafi gaba ɗaya rana ɗaya, da satar waya ko mutuwar katin memori. Rumbun adana bayanai da aka buɗe a tsibirin Svalbard na Norway a 2017 ya koma ga tsohuwar dabara: yana rubuta lambobin a kan fim ɗin azurfa da foliyesta, ya ajiye cikin tsohon ramin kwal mai sanyi.

Wanzuwa a ilimin tauhidi

Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, littafin da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, ya san siffofi 20 da suka wajaba ga Allah Maɗaukaki. Cikinsu akwai ƙidamu, wato rashin farko, da baƙa'u, wato rashin ƙarshe. Duk abin da ba Shi ba fararre ne, kuma abin da yake da farko ƙarewa ta halatta a kansa. Hujjar da malaman suka kafa daga gani da ido take: jiki ba ya rabuwa da halaye masu bijirowa kamar motsi da tsayuwa da launi, ana ganin waɗannan suna canzawa, kuma abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Magabatan Ash'ariyya har sun tafi a kan cewa irin waɗannan halaye ba sa zama lokaci biyu a jere, Allah ne ke sabunta su. A wannan mahanga koɗewar hoto ita ce asali, zamansa na ɗan lokaci shi ne abin da ke neman dalili. Ayoyi na 26 da 27 na Suratur Rahman da ayar ƙarshe ta Suratul Ƙasas sun keɓe wanzuwa ga Allah Shi kaɗai.

Wasu al'ummomi ma sun isa kusa da nan ta hanyoyinsu. Mabiya Buddha sun ɗauki rashin dawwama ɗaya daga alamomi uku na duk abin da ke samuwa. Littafin Mai-Wa'azi na Tsohon Alkawari ya yi ta nanata cewa na baya ba sa tuna na farko. Aflatun ya ɗauki zane a matsayin kwaikwayon abin da shi ma kwaikwayo ne, saboda haka ya yi nisa da gaskiya hawa biyu. Roland Barthes na Faransa, a littafin da ya fitar a 1980 bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya ga abin da ya bambanta hoto da zane: hoto shaida ne cewa abin ya taɓa tsayawa a gaban kyamara, kuma wannan shaida tana tafe da labarin cewa lokacin ya wuce.

Daga nan wani zai iya cewa adana hoto aikin banza ne, tunda ƙarshensa gari. Wannan natija ba ta biyo bayan hujjar ba. Musulunci bai ɗauki ƙarewar abu dalilin sakaci da shi ba. Aya ta 9 ta Suratul Hijri ta ɗauki alkawarin tsare Alƙur'ani, amma da mahaddata da yawa suka yi shahada a yaƙin Yamama, Sayyidina Umar ya shawarci Sayyidina Abubakar, aka sa Zaidu ɗan Sabit ya tattara shi a rubuce. Darajar Alƙur'ani daban take da ta kowane hoto, sai dai ƙa'idar ta fito: yarda da hukuncin Allah ba ta soke riƙo da sababi. Akwai kuma hadisin Anas da Imam Ahmad ya ruwaito, wanda ke umartar mai riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da alƙiyama na shirin tsayuwa. Ƙimar aiki ba ta rataya ga dawwamar sakamakonsa.

Idan sura ta fi ilimi daɗewa

Damuwar shari'a game da sura ta fi karkata ga daɗewarta a kan koɗewarta. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, waɗanda aka ambata a Suratu Nuh, sunayen salihan bayi ne. Da suka rasu, mutanensu suka kafa musu alamomi a wuraren zamansu don tunawa. Ba a bauta musu ba har sai da wannan ƙarni ya shuɗe, ilimin dalilin kafa su ya gushe. Ƙissar ta nuna cewa sura tana da rai biyu: na kayan da aka yi ta da su, da na sanin da ke tare da ita a zukatan mutane. Haɗarin yana faruwa ne idan na farko ya zarce na biyu.

Da hoton kyamara ya iso, malamai suka rabu. Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar a farkon ƙarni na 20, ya rubuta risala yana halatta shi, a kan cewa tsare inuwa ne da na'ura, ba ƙagen sura da hannu ba, kuma Yusuf al-Ƙaradawi ya bi wannan ra'ayi a littafinsa na halal da haram na 1960. Shehu Ibn Baz da Shehu Albani sun hana shi sai da lalura, kamar fasfo da katin shaida. Shehu Ibn Usaimin ya tsaya tsakani: bai sa ɗaukar hoto da na'ura cikin zanen da aka hana ba, amma ya hana ajiye shi don tunawa. Duk da saɓanin, mahawarar tasu tana kewaya abu guda, wato abin da hoto ke zama a zuciyar mai kallonsa bayan mai shi ya tafi. Wannan ce mahawarar da ake yi har yau a kan hotunan shehunnai da malamai a shaguna da jikin motoci.

Gushewar ilimi tana da wata fuska, wadda ta fi yawa. Maimakon a girmama sura fiye da ƙima, sai ta zama ba ta kowa. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, ya ɗauki dubban mutane, ya adana nagatif ɗinsu da kyau. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York da sunan mai ɗaukar hoto da ba a sani ba. Daga baya aka bi sawu aka gano shi, ya shahara a duniya kafin rasuwarsa a 2001. Shi ya samu sunansa, amma akasarin matan da mazan da suka ci ado suka zauna a gabansa har yau ba a san ko su wane ne ba. A gidaje ma haka take faruwa: tsohuwa ɗaya ce ta san wanda ke tsaye a bayan ango, in ta rasu hoton ya zama na baƙi ko da launinsa bai gushe ba.

Asali da kwafi

Idan kaya ba sa dawwama, hanyar da ta rage ita ce juyawa daga tsoho zuwa sabo. Masu falsafar Girka sun yi muhawara kan jirgin ruwan Theseus, wanda Plutarch ya ce mutanen Atina sun riƙa canza masa katako ɗaya bayan ɗaya: shin shi ne dai, ko wani ne? Mutanen Jenne a Mali sun amsa a aikace. Babban masallacinsu na ƙasa, wanda ginin yanzu na 1907 ne, yana tsaye ne saboda kowace shekara gari na fitowa a yi masa sabon yaɓe. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, kimanin shekara goma kafin a ɗauki hoto na farko, don haka duk surar da ke yawo da sunansa ƙirƙirar mai zane ce. Abin da ya iso daga gare shi littattafai ne da ɗalibai suka yi ta kwafa da hannu, kowane kwafi tare da malamin da zai karantar da shi.

Hoto ya ɗan saɓa wa littafi a nan. Kalma ba ta raguwa in an kwafe ta daidai, amma hoton da aka ɗauka daga hoto yana rasa kaifi, shi ya sa nagatif ke da daraja ta musamman. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano shi cikin ajiyar hukumar fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi ta mayar da shi dijital, aka nuna shi a bikin fina-finai na Barlin a 2018. Asali ne ya sa ceton ya yiwu. Amma asali shi kaɗai bai isa ba. Jacques Lowe ya ajiye nagatif kimanin 40,000 na Shugaba Kennedy da iyalinsa a taskar wani banki a cibiyar kasuwanci ta duniya a New York, suka hallaka a harin 11 ga Satumba 2001. Ƙananan kwafin da ke ajiye a wani wuri dabam su ne suka ceci wani ɓangare na aikin.

Mizanin amana

Abin da ya fito daga wannan duka shi ne daɗewar hoto ba siffa ce da ke cikinsa kawai ba. Rabinta na kayan ne, rabinta na masu rai ne da ke kula da shi. Wanda ya nemi dawwama daga takarda da rini ya nemi abin da ba su mallaka ba, kuma hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya iyakance abin da ke bin mamaci ga sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. Wanda kuma ya riƙe hoto a matsayin shaida, na fuskar kakan da jikoki ba su riska ba, ko na ƙofar gari da aka rushe, ko na sana'ar da ta mutu, yana riƙe da wani yanki na ilimi ne, kuma hukuncinsa na bin amfaninsa.

Mizanin yana yanke hukunci ta ɗaya gefen ma. Ba kowane hoto ya cancanci daɗewa ba. Shari'a ta yi umarni da rufa asirin mutane, kuma a da koɗewa da ɓacewa sukan yi wannan aiki da kansu. Yanzu da kwafi ke yaɗuwa ba iyaka, hoton da ke tona asirin wani ko ya ci mutuncinsa goge shi ne amanar.

Ga wanda ya cancanci a adana, sharuɗɗan sanannu ne. Ana ajiye shi a ɗaki na ciki mafi sanyi da bushewa, nesa da bangon waje da ƙasa da rufin kwano, cikin takarda mara tsami, ba tare da gam ko ƙarfen maƙala ba. Asali yana zama a duhu, kwafi ne ake ratayewa a bango. Ana raba nagatif da hotunansa wuri biyu, a ware duk fim mai warin tsami daga sauran domin yana harbin na kusa da shi. Kwafin dijital ana riƙe shi a wurare fiye da ɗaya, a riƙa juya shi zuwa sabuwar na'ura kafin tsohuwar ta daina aiki. A bayan kowane hoto kuma ana rubuta sunayen mutanen ciki da wuri da shekara da fensir mai taushi, tun waɗanda suka san su suna da rai.